Ranar da Muryar Kanari Ta Tsinke

Wata Juma'a a kwanakin baya, a cocinmu na nan Doha, na ga wani abu da ya hana ni cin abincin rana. Wata budurwa ce ta tashi za ta rera waƙa, ta fara, muryar ta ƙi kaiwa sama. Ko a jikinta. Sai ta waiwaya ta ce wa saurayin da ke kaɗa kibod, "Ɗan sauke mini." Ya danna wani maɓalli sau biyu, ta sake ɗauka daga farko, ta kai ƙarshe lafiya lau, aka tafa mata. Babu wanda ya ji kunya, babu ma wanda ya lura an yi wani abu. Ni kuwa ina can kujerar baya, raina ya ɓaci kamar an zagi mahaifina. Abin da na shafe shekara guda ina yi a ɓoye gabana na faɗuwa, abin da ya raba ni da abokin ƙuruciyata, shi ne yau ya koma maɓallin da mutum zai danna yana tauna cingam.

Da aka tashi na nufi inda bas ɗinmu take tsayawa, ina sauri don in tsere wa rana, in kuma tsere wa wata baiwar Allah. Ranar ban tsere wa ko ɗaya ba. Nas ce a wani asibiti a garin nan, kuma 'yar abokin nan nawa ce da nake faɗa. Ita ta gano ni da kanta tun bara. Wai ta ji wani tsoho a bayanta yana bin waƙar taro ta wata hanya da ba wanda yake bi, hanyar da ta saba ji a wani tsohon kaset na babanta. Ta sha gabana a bakin mota.

"Baba, barka da fitowa. Wata uku ke nan ina binka."

"'Yata, aiki ne. Kin san zafin garin nan, mai gyaran esi ba ya hutawa."

"Likitoci sun sallami mahaifina, Baba. Sun ce a mai da shi gida a ci gaba da addu'a. Ku biyu kaɗai kuka rage. Minti biyar a waya, shi ke nan."

Na ce mata to, Juma'a mai zuwa. Direba yana ta yalla, yalla, wato a yi sauri, na shige mota na sunkuyar da kai. Ba aiki ba ne ya hana ni. Akwai gafarar da nake bukatar nema a wurin mutumin nan kafin ya rufe ido, shi kuwa bai ma san na yi masa laifi ba. In na yi shiru, zai tafi yana ganina da mutunci, ni in ci gaba da dakon kayana har kabari. In na buɗe baki, ban san abin da zai biyo baya ba.

Mu huɗu ne. Ba zan kama suna ba, don ko a wancan lokaci ba da sunayen yanka aka san mu ba. Akwai Mai Aski, shi ne babbanmu, shi ke da muryar ƙasa, irin wadda kake ji a ƙirjinka kafin ta iso kunnenka. Akwai Ticha, malamin firamare, shi ke jan karin waƙar, wato abin da mutane ke tafiya da shi gida suna maimaitawa. Akwai Kanari, tela ne, siriri, ɗan gayu, shi ke da muryar sama, kuma shi ne uban nas ɗin nan. Sai ni, mai koyon gyaran firji da rediyo, ana ce mini Ciko. Aikina shi ne duk ramin da muryoyin nan uku suka bari in shiga in toshe. In ka saurari nawa shi kaɗai sai ka ce mashayi ne yake neman hanyar gida, ya hau nan, ya gangara can, babu kai babu gindi. In an cire ni kuwa, waƙar ta zama miya ba gishiri, amma ba wanda zai iya gaya maka abin da ya ɓace. Babu ganga, babu molo, babu komai. Bakinmu ne kawai da kunnenmu.

A shagon Mai Aski muka tashi, wani ɗaki ɗaya mai rufin kwano a bakin layin dogo, da benci biyu da madubin da tsatsa ta ci gefensa. Har yau in na ji warin sifirit da hoda sai in ga kaina a wurin. Da yamma kowa ya taso daga aikinsa, ba a fara waƙa sai an share gashi, an ɗebo ruwa daga famfon tasha, an shanya tawul a igiyar baya. Ticha da ake ce wa yallaɓai a makaranta, a nan tsintsiya yake riƙewa. Almakashi na ƙyas-ƙyas, mai ƙosai na kwarfe mai a ƙofar shago, jirgin kaya ya zo ya wuce ya girgiza kwanon, mu tsaya da baki buɗe sai ya gama wucewa mu ɗora daga inda muka tsaya. Sau nawa aka bar mutum da rabin kai a aske, Mai Aski ya ɗaga hannu sama yana bin baiti, mai kan kuwa bai yi ƙorafi ba, shi ma ya manta da kan nasa. Yanzu in na je aski a unguwar Matar Ƙadim a nan Doha, kowa ya toshe kunnensa da waya, mai askin ma da wani yake hira a wata ƙasa. Ka shiga, a kwashe maka gashi, ka fita, ba wanda ya san muryarka.

Wanda ya haɗa mu wani tsoho ne, malamin waƙa na cocinmu, wanda ya koya a hannun Turawan mishan. Malam kawai muke ce masa. Yana da garmaho da wasu fayafai na mutane huɗu masu waƙa ba kiɗa, ya ce ko a can ƙasarsu a shagon aski abin ya samo asali, don haka kada mu raina wurinmu. Shi ya riƙa zuba wa irin wannan tsari kalmomin Hausa, ya raba wa kowa nasa da baki, ba takarda. Mutum ne marar haƙuri. Yana zaune a bencin jira da sandarsa tsakanin gwiwoyi, ido a rufe, sai ka ji sanda ta sauka a ƙafarka. "Kai, ina jin ka," in ji shi. "Ban zo nan don in ji ka ba." Abin da ya zo ji daban ne. In muryoyin nan huɗu suka zauna daram a kan juna, ba wanda ya ɗara ko ya gaza da ƙwayar gero, sai wata murya ta biyar ta fito can sama kusa da kwano, siririya, wadda ba ɗayanmu yake yin ta ba. Ba tatsuniya nake ba, duk wanda ya yi irin wannan waƙa ya san ta. Ranar da muka fara samun ta, Malam ya ɗaga yatsa ya nuna sama, hawaye na bin kuncinsa. Yaran yanzu ba za su taɓa jin ta ba. Kowa da makirfonsa, kowa so yake ya danne ɗan'uwansa, ganguna na dukan tsiya, kibod na rufa wa kowa asiri. Surutu suke tarawa su kira shi yabo.

To, waƙar da ba kiɗa sai an sami wanda zai nuna inda za a fara. Wannan sauti na farko shi muke ce wa do. Mutum ɗaya ne zai yi gunjinsa a hankali cikin hanci, sauran su ji, kowa ya nemo mazauninsa daga nan. In do ya yi sama da yawa, mai muryar sama ya shiga uku. In ya yi ƙasa, mai muryar ƙasa ya nutse. Malam ya lura cewa kilifar Mai Aski, wato injin askinsa, muddin akwai wuta, kukanta ɗaya ne kullum, ba ya hawa ba ya sauka. Ya kuma lura kunnena ya fi na sauran. Sai ya sa ni zama kusa da ita wata da watanni, ina bin kukanta da hanci, har ya zauna mini a kai. Daga shi nake hawa in nemo do ɗin kowace waƙa, ko a tsakiyar kasuwa, ko an ɗauke wuta mako guda. Ya kafa mana doka guda, ya maimaita ta har ya mutu: mai ba da do ba a yi masa gardama a gaban jama'a. Abin da ya bayar, shi za a ɗauka, ido rufe. Mutum uku sun miƙa maka wuyansu ke nan, kuma ba wanda zai duba abin da ke hannunka.

A lokacin ana yin gasa ta masu waƙar hurhuɗu sau ɗaya a shekara bayan girbi, ikilisiyoyi daga ko'ina a Arewa suna turo nasu. Mun je a bayan babbar mota, a kan buhunan masara, kowa ya naɗe wuyansa da tawul ɗin shago don iska. Kanari ya ɗinka mana kaftani huɗu daga yadi ɗaya, ruwan madara, da huluna iri ɗaya, ya hana mu sawa sai an kira mu. Shekarar farko muka ɗauko kofi. Ta biyu ma muka ɗauko. Matan gari suka tarye mu tun daga tasha da guɗa, aka ajiye kofin a kan kantar shagon aski tsakanin hoda da burushi. Gidan rediyo ya ɗauki muryarmu, aka riƙa sa mu da safiyar Lahadi. Mun yi waƙa a bukukuwan aure da jana'iza har ban san iyaka ba. Ƙa'idar gasar kuwa ita ce duk wanda ya ci sau uku a jere, kofin ya zama nasa har abada. Babu wanda ya taɓa yi.

Abin da ke kashe mutane a waƙoƙinmu shi ne wutsiya, wato ƙarshen waƙa. Kanari zai kama wani sauti can ƙololuwa ya riƙe shi da numfashi ɗaya, mu ukun mu yi ta juyawa a ƙarƙashinsa, mu sauya, mu sake sauyawa, shi yana nan ko gezau, har mu zo mu zauna tare. Mata na dafe ƙirji. In an fito, shi ake rufewa. Ba na jin haushin wannan, Allah ya sani, don ya cancanta.

Bayan kofi na biyu Kanari ya yi wani tari mai tsawo da hunturu. Ya warke, amma ni da kunnena na ji muryar ba ta dawo duka ba. Can sama ta ɗan yi gautsi, kamar zaren da ya sha rana. Shi bai sani ba, ko kuwa bai yarda ya sani ba. Wata yamma a shago, ba tare da na yi shawara da kowa ba, na sauke do da rabin mataki. Ya kai wutsiya lafiya, ya yi murmushi. Bayan wata uku na ƙara saukewa. Haka na yi ta yi shekara guda cur, a coci, a biki, a ko'ina, kullum ina tsoron wani mai kunne zai tona ni. Malam ya riga ya rasu. Ticha bai taɓa ganewa ba, shi dai a ba shi baitinsa. Mai Aski ne kaɗai ya sha jinin jikinsa, don shi ne yake biyan kuɗin hakan da maƙogwaronsa. Wata rana yana gyara mini ƙeya, ba kowa a shagon, ya sunkuyo ya ce, "Ciko, kana jefa ni rijiya fa." Ya ci gaba da aski, can ya ce, "Ci gaba. Ina da sauran igiya."

Saura mako biyu gasa ta uku, gidan rediyo ya kira mu hira. Mai gabatarwa ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, da ya zo kaina ya ce shi fa bai taɓa gane abin da nake yi a cikin waƙar ba. Kafin in buɗe baki Kanari ya karɓe. "Wannan? Ai shi ne mai riƙe mana huluna." Aka fashe da dariya, har da mai ɗaukar sauti a bayan gilashi. Wasa ne, na sani. Ya saba tsokanata tun muna yara muna satar mangwaro a gidan fasto. Amma wannan ta fita a iska. Washegari tun daga ƙofar gida har wurin aiki ana ce mini mai riƙe hula. Yarinyar da nake nema a lokacin ta faɗa mini tana dariya. Na yi dariyar tare da ita, na koma gida zuciyata na tafasa. Ni da nake ɗauke da mutumin nan a kafaɗa shekara guda, yana can sama yana ɗaga wa jama'a hannu, bai ma san a kan wa yake tsaye ba.

Ranar gasa da la'asar aka kira mu, mu ne na ƙarshe. Zauren ya cika har tagogi, alƙalai uku a gaba da takardunsu. Muka jeru, kafaɗa na taɓa kafaɗa. Kanari ya cire hularsa don gaida jama'a, ya juyo ya ƙifta mini ido, ya yi kamar zai miƙo mini ita. Wasu a gaba suka gane, suka yi dariya. A nan zuciya ta ɗebe ni. Ban ɗaga do ba, ban ƙara masa komai ba. Na dai ba da shi a inda Malam ya ajiye shi tun asali, inda kilifa ta ce. Mai Aski ya juyo ya dube ni, kallo ɗaya. Doka ta hana shi magana. Muka fara.

Waƙar ta tafi da kyau fiye da kullum, abin haushin ke nan. Mai Aski ya fito daga rijiyarsa, muryar ta biyar ta zo tun a baiti na biyu ta zauna a saman zauren. Ina jin Kanari a gefena yana ƙara matse wuya, gumi na bin kunnensa. Ina da damar in ja mu ƙasa a hankali a tsakiyar waƙa, na iya, na sha yi. Ban yi ba. Muka iso wutsiya, ya ja numfashi ya kama sautin, ya riƙe shi kamar ƙiftawar ido uku, sai ya tsinke. Wani irin ƙara ya fito kamar na zakaran da aka shaƙe. Ya sake yunƙurawa, iska kawai ta fito. Can baya wani ya yi dariya, wasu suka taya shi. Muka ƙarasa mu uku. Ko na uku ba mu zo ba.

Muka hau mota muka koma gida. Kanari ya ce muryarsa ce ta mutu, Ubangiji ne ya karɓi abinsa saboda girman kai, ya kuma roƙe mu gafara ɗaya bayan ɗaya, har da ni. Na ce masa ba komai. Da bakina na ce masa ba komai. Daga ranar bai sake waƙa ba, ko ta taro a coci, sai dai ya riƙe littafi yana bi da ido. Mun gwada sa wani a gurbinsa, abin bai zauna ba, muka watse ba tare da an ce an watse ba. Mai Aski bai taɓa tona ni ba, amma bai sake taɓa kaina ba, in na shigo sai ya ce kilifa ta yi zafi. Ni kuma na riƙa lallashin kaina da cewa ai ban yi ƙarya ba, gaskiya na bayar. Wannan magana ta yi mini shekaru tana aiki da rana. Daga baya na bar garin, na yi Kaduna, na yi Legas, har wani kamfani ya kawo ni nan. Ticha ya rasu, Mai Aski ya bi shi, labari kawai na ji. Kunnen da Malam ya horar, yau kwamfaresar na'urar sanyaya ɗaki nake saurare da shi a saman benayen mutane, in gaya wa injiniya wadda za ta mutu kafin na'urarsa ta gaya masa. Ina kwana a unguwar Bin Umran, ɗaki ɗaya da mutum uku, masu gadi biyu da direba, mutanen kirki 'yan Katsina, ba wanda ya san na taɓa tsayawa a gaban jama'a. Kafil ma, wato ubangidan da takarduna ke hannunsa, ya riga ya ce mini shekaruna sun kai, bana khalas, an gama, sai gida.

Juma'ar da na yi alkawari na je gidan nas ɗin bayan coci. Duk mako ina tsara maganata a kan tsani. Zan faɗi laifina, sannan in faɗi ɗaya rabin: cewa muryarsa ta riga ta fara tafiya, cewa shekara guda ina rufa masa asiri, rana ɗaya tak na sake shi. Wannan rabin shi ne kaɗai abin da nake da shi na kare kai, kuma na san in ya ji shi zai yafe. Ta zuba mini tuwo na kasa ci. Ta kira ƙaninta a gida, ya kai wayar bakin gado, ta miƙo mini. Na ga wani ɗan tsoho a kan matashi, duk ya tsotse, sai idanu.

"Ciko," ya ce, muryar kamar ana jan takarda a ƙasa. "Ashe kana da rai. An ce kana can kana yi wa Larabawa fifita."

"Ina nan, Kanari. Ya jikin?"

"Jiki ya gama nasa. Kai ma ka tsufa, dubi kanka kamar an yi gobara."

Na yi dariyar dole. Na ce, "Akwai maganar da na zo da ita. Ranar gasa ta uku, ba kai ba ne. Ni ne. Do ɗin da na bayar, da gangan na ba da shi, na san ba za ka kai ba. Maganar hula ce ta ci ni."

Sai na ga yana kokawa da matashi, yana ƙoƙarin tashi a kan gwiwar hannu, ɗansa na riƙe shi.

"Ɗagawa ka yi?" ya ce. "Tsaya. Kana nufin ba muryata ba ce ta mutu?"

Ga ɗaya rabin maganar a bakina, a shirye. Amma na ga fuskar mutumin nan. Idanun da na gani a mace minti ɗaya da ya wuce, sun kawo wuta. Shekara arba'in yana ɗauke da cewa Allah ya ƙwace masa kyautarsa a gaban jama'a, yanzu an gaya masa mutum ne ya yi masa ƙafa. In na ƙarasa, zan sami gafarata, shi kuma in sake karɓe abin da na miƙa masa yanzun nan.

Na ce, "Ɗagawa na yi. Mataki guda cur. Muryarka ba abin da ya same ta."

"Na faɗa," ya ce. "Na faɗa wa uwar yaran nan, wannan wutsiya ko daga barci aka tashe ni zan riƙe ta." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, aka ba shi ruwa. Da ya lafa, dariyar ta tafi. Ya dube ni sosai. "Shekara arba'in, Ciko. Ko a jana'izarta ban buɗe baki ba. Ta roƙe ni tana kwance in yi mata baiti ɗaya, na ce ba ni da shi."

"Ka yafe mini, don Allah."

"A'a," ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Ka je ka nema wurin Ubangiji, shi ne mai yawan haƙuri. Ni tela ne." Ya ce wa ɗansa ya kashe wayar.

'Yarsa ta karɓi wayarta ba ta dube ni ba. Na sa takalmina na fita cikin rana, na yi tafiya har na wuce tashar mota biyu ban sani ba.

Ya ƙara kwana goma sha a duniya. Ita ta gaya mini daga baya, a tsaye a ƙofar coci, a taƙaice. Ta ce tun daga ranar kullum da safe sai ya sa an jingina shi ya yi waƙa, da ɗan abin da ya rage masa, maƙwabta na leƙowa ta taga. Duk wanda ya zo dubiya sai ya zaunar da shi ya ba shi labari, cewa muryarsa ba ta taɓa cin amanarsa ba, amini ne ya ci. Fasto ya yi ta fama da shi ya yafe kafin ya tafi, ya ce zai duba. Bai duba ba. A jana'izarsa ma an faɗi maganar a gaban jama'a, da sunana na yanka.

"Baba," ta ce, "tambaya ɗaya. Da gaske ɗagawa ka yi?"

Na ce, "Da gaske."

Ta gyaɗa kai ta wuce.

Wata biyu suka rage mini a garin nan, sannan in tattara in koma can, don ba ni da wani wurin. An ce har waɗanda ba a haifa ba a lokacin sun san ni yanzu. Mutum ɗaya ne a duniya da zai iya tashi ya ce wannan tsoho ƙarya ya yi wa kansa, ya kuma ɗauki abokinsa shekara guda kafin ya yar da shi, Mai Aski ke nan, shi kuwa yana kwance a maƙabartar bayan tasha da daɗewa. Ban yi nadamar abin da na faɗa a waya ba, amma kada wani ya zo ya ce mini na sami sauƙi, don ban samu ba. Na je neman gafara na dawo hannu wofi, kuma wanda zai ba ni ita ya tafi. Shi dai ya mutu da muryarsa.